Burodin Faransa da kilishin Madawa

Yau da zancen burodi na zo, amma ku yi haƙuri, ƙarshensa wajen akwatin asusu zai kai mu.

Hutun da ya wuce ɗiyata ta dawo daga Yamai inda take karatu, ba ta da labari sai na wani abinci wai shi kurok-misiye. Ta ce mutanen Faransa sun fi shekara 100 suna cinsa a gidajen shan kofi. Yanka 2 na burodi, a shafa man shanu, a sa nama da cuku a tsakani, a ƙara cuku bisa, a gasa cikin tanderu har cukun ya narke ya yi ja. Na ce wane nama? Ta sunkuyar da kai, ta ce: "Inna, can na alade suke sawa, jambo suke ce mishi." Na ce a'uzu billahi. Ta ce: "To mi ya hana mu sa namu?"

Gaskiyarta. Duk motar da ta taso daga Yamai za ta Maraɗi ko Damagaram, in ta tsaya Madawa sai fasinja sun sauka neman kilishinmu. Cuku kuwa makiyaya na kawo shi daga wajajen Abalak da Cintabaradan, albasar Galmi ga ta kusa da mu. Nan take zuciyata ta ce mini ga sana'a: in riƙa kai wa bakin makaranta da tasha. Ranar zubi na ɗauki bashin jika 10. Ni da ke shugabantar ƙungiya, ni da kullum ke ce wa mata su yi lissafi tukunna, ban rubuta ko layi guda ba.

Gwajin farko abin kunya ne. Cukunmu busasshe ne, ba kamar na Turawa ba, wuta ba ta narkar da shi, sai ƙara tauri ya yi. Kilishi ya koma kamar fatar takalmi, gindin burodin ya ƙone. Maigida ya tauna sau biyu, ya ce: "Hajiya, Allah ya yi albarka, amma akwai sauran fura?" Kusan rabin kuɗin ya tafi a kayan da na tara.

Sai a karo na uku muka gane kansa, kuma ga yadda muka yi ga mai son gwadawa. A narkar da man shanu cokali 2 a wuta kaɗan, a zuba fulawa cokali 2 ana juyawa, a kawo madara kofi 1 sannu sannu har ta yi kauri kamar kunu, a sa ɗan gishiri da masoro. A daka cuku ya yi gari a zuba ciki. Wadda ke da hali ta ƙara ƙwaya 2 na La Vache qui rit, shi yana narkewa. Kilishi a yayyafa mishi ruwan ɗumi ya yi laushi, a yayyaga shi ƙanana. Dambun nama ma ya yi. A shafa haɗin madarar kan burodi, a sa nama da soyayyar albasa, a rufe da ɗayan yankan, a sake shafawa bisa. Ba mu da tanderu, sai muka sa cikin tukunyar dalma a kan garwashi kaɗan, muka rufe, muka ɗora garwashin da ya fi yawa bisa marfi. Minti 10 ya isa. Wannan karon ko ɓurɓushi bai rage ba.

Daren nan na ɗauko littafina na yaƙi da jahilci, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Burodi, cuku, kilishi, madara, gawayi: kowane guda ya tashi kusan dala 70, ban sa wahalata ba. Yaron makaranta kuwa dala 5 ko 10 ke hannunsa, da ita yake sayen ƙosai ko fanke ya ƙoshi. Wa zan sayar wa?

Bashin akwati ba ya jin uzuri, dukiyar mata 28 ce, wasu da kuɗin daka suke zubi. Na biya da ribarsa daga cinikin ƙuli-ƙuli na wata 2, na fasa ɗinkin Sallah. Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, amana ce ke riƙe da tafiyar nan, saboda haka na tashi gaban taro na faɗa musu komai. Sun yi dariya har da hawaye, sannan muka yi shawara: duk wadda ke son bashi don sabuwar sana'a, ta fara gwadawa sau ɗaya da kuɗinta, ta kawo lissafin, mu duba tare.

Ina kira ga ƙungiyoyinmu na Madawa, Buza da Keita su duba wannan shawara. Shi kuwa burodin, yana nan a gidana, sai ranar da baƙi suka zo ko yara suka ci jarrabawa. Allah ya sa albarka cikin zubinmu, amin.