Kan Burtu Da Na'urar Kira

Masu tarihi sun ce Bauchi ta samo sunanta daga wani maharbi, Baushe, wanda ya nuna wa Malam Yakubu inda zai kafa gari. Saboda haka ba abin mamaki ba ne har yanzu a sami tsohon maharbi a Ƙofar Ran wanda ya yi zamani da kan burtu. Shi kan burtu, ga wanda bai sani ba, itace ne ake sassaƙawa kamar wuyan tsuntsun, a rufe da fata, a kafa masa baki. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya shiga rarrafe yana saran ƙasa kamar mai kiwo. Barewa ba ta gudun burtu, don haka sai ya matso har inda kibiya za ta kai.

To, diloli suka dami 'yan awakin wannan tsoho a gonarsa ta bayan gari. Sai jikansa ya zo da dabarar da ya gani a waya. A Amurka akwai wata dabba dangin dila, koyoti. Maharbanta kan yi amfani da lasifika mai batir, irin wadda kamfanin FOXPRO ke ƙerawa, cike da kukan zomo mai neman ceto. Akan ajiye ta kamar taku hamsin daga maɓoya, a riƙa sarrafa ta daga nesa, a kafa wani tsumman gashi kusa da ita yana kaɗawa, domin idon dabbar ya tafi can, ba kan mutum ba. Gwanayensu sun fi duba tsabtar sauti da ƙarfin batir a kan yawan ƙara, kuma a hankali suke fara kira.

Tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Iska fa?"

Yaro ya ce, "Kaka, ai wannan inji ne, ina ruwansa da iska?"

Nan fa aka yi dariya, irin ta kaka da jika. Gaskiya kuwa tana wajen tsohon, domin su kansu Amurkawa sun san koyoti yakan kewaya ta inda iska ta nufa ya shaƙi wari kafin ya matso, wanda kuma ya tsira sau ɗaya da wuya ya sake amsa kira. Balle dila, malamin daji.

Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Shi sai da ya yi shekaru yana bin mahaifinsa kafin a ba shi kan burtu, a cikinsu kuwa ya koyi abin da ba a harbi: mai ciki, da mai shayarwa. Yanzu duk mai waya da ƙaramar lasifika zai iya kira, kukan kuwa ba ya zaɓen mai zuwa. Dajin ma ya ragu. Tun 1956 aka keɓe Yankari don kare namun daji, burtun kansa kuma a 2018 ya shiga jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu.

Daga bisani ya yarda a gwada sau ɗaya, a bakin gonarsa kawai, da asuba, shi ne kuma zai zaɓi wurin zama. Kafin nan ya ce yaron ya sari ƙaya ya toshe shingen garke, ya kuma nemo kare.