Digirin Digirgir Daga Gindin Tan Afella

Mu Hausawan In Amguel mun saba da ganin ilimi ya ratsa ta ƙofarmu ya wuce. Garinmu na bakin babban titin da ya keta Sahara, kimanin kilomita 130 arewa da Tamanrasset, kuma duk wani masani da zai je ya auna ƙasarmu sai ya bi ta nan. Arewa da mu kaɗan ga dutsen Tan Afella, inda Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 13 a ƙarƙashin ƙasa tsakanin 1961 da 1966. Ranar 1 ga Mayu 1962 gwajin Beryl ya ƙwace, ƙura mai guba ta fito fili. An rubuta littattafai a kan wannan dutse da Faransanci da Larabci, mu kuwa da muke kwana a gindinsa labari kawai muke bai wa baƙi. Shi ya sa idan ɗanmu ko 'yarmu ya gama mastar ya ce zai nemi digirin digirgir, wato doktora, muke ɗaukar abin a matsayin hidimar gari.

Mun lura da yawan matasanmu suna fara neman jami'a kafin su nemi tambaya. Mu dai a ganinmu tambaya ce farko, domin ita ce za ta riƙe mutum idan guzuri ya ƙare. Tambayoyin kuwa ga su nan zube a ƙofar gida. Me ruwan rijiyoyin kwarinmu yake ɗauke da shi? Dokar da Faransa ta yi a 2010 don biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajen suka cutar tana neman shaidar zama a wurin da shaidar cuta. Wa zai tattara waɗannan shaidu kafin dattawan da suka yi lebura a sansanin su ƙare? Hausarmu da ta cuɗanya da Tamashek da Larabci, wa zai rubuta yadda take a bakin jikoki? Fataucin da ke tsakanin Agadas da In Guezzam da kasuwar Assihar fa?

Idan tambaya ta samu, sai hanya. A Aljeriya tun da aka shigo da tsarin lisans, mastar, doktora a 2004, ƙofar shiga ita ce gasar jarrabawa, musabaƙa. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ce ke fitar da jerin fannonin da aka buɗe da yawan kujerun kowace jami'a, a yi rajista ta shafin Progres. Fannin da mutum zai nema dole ya dace da mastar ɗinsa. Jarrabawa biyu ce a rubuce, ɗaya ta fanni gaba ɗaya, ɗaya ta ƙwarewa, wadda ta fi nauyi a maki, kuma ana ɓoye sunan mai takarda kafin a duba ta. Wannan ɓoye suna rahama ce ga irinmu marasa uwa a gindin murhu. Karatun shekara uku ne, ana iya ƙarawa, kuma ba a kare kundi sai an buga maƙala a mujallar ilimi da hukuma ta amince da ita.

Jami'ar Tamanrasset, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 2020, ita ce mafi kusa, amma ba kowace shekara take buɗe kowane fanni ba. Wani lokaci kujerar tana Adrar ko Wargla ko Aljas, tafiyar kusan kilomita 2000. A nan ne talauci yake kayar da mai ƙoƙari: kuɗin mota, masauki, da intanet mai yankewa ana tsakiyar ɗora takardu. Kada a bari sai ranar ƙarshe. A tanadi shaidar digiri da takardun maki tun da wuri, a nemi tambayoyin shekarun baya, a kuma dage da Ingilishi, domin jami'o'in ƙasar sun karkata gare shi.

Wanda zuciyarsa ke kan harshe da adabin Hausa sai ya dubi kudu: Jami'ar Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Abdu Mumuni a Yamai. A Faransa ma makarantar Inalco ta Paris tana koyar da Hausa. A irin waɗannan wurare ana son shawarar bincike a rubuce da malamin da zai yarda ya duba aikin. Kafin a rubuta wa malami, a karanta abin da ya wallafa, sannan a aika wasiƙa gajera mai faɗin tambayar da dalilin zaɓensa. A kuma bincika tun farko yadda ma'aikata za ta daidaita shaidar waje idan an dawo gida.

Mu da muke gida ma da namu nauyin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muke haɗa gudummawar biki, mu haɗa kuɗin motar mai tafiya jarrabawa. Mu bar 'ya'ya mata su je, mu yi musu rakiya idan da hali. Wanda ya faɗi bana kada mu yi masa gori, kujeru kaɗan ne, masu nema da yawa. Ya sake shiri baɗi. Dattawa kuma su buɗe baki idan ɗansu ya zo da na'urar ɗaukar murya.

Allah ya buɗa wa 'ya'yanmu, ya sa iliminsu ya amfani gari.