Wasiƙa Daga Guangzhou: Ni da Ƙarfe Uku na Dare



'Yan uwa da abokan arziki na Kano da Katsina, da ku mutanen Maraɗi, ina gaishe ku gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kowa yana lafiya. Ya yara, ya kasuwa, ya kuma haƙuri da mu? Na san na yi laifi, kusan wata huɗu ban rubuto ba, har Yaya Babba ta aiko a tambaye ni ko yatsuna ne suka yi ciwo. To Yaya, yatsu lafiyarsu ƙalau, idanu ne suka ƙi rufuwa. Yau zan faɗa muku abin da na daɗe ina ɓoyewa. Maza masu karantawa kuma don Allah kada ku tsallake, kuna da mata, kuna da yayye da ƙanne.

Kun san ni da barci. Inna, Allah Ya jiƙanta, takan ce ko a kan turmi aka ajiye ni sai na yi minshari. Amma tun wajen ƙarshen 2023, ina da shekara 46, abin ya juya. Ina kwanciya ƙarfe goma sha ɗaya barci ya ɗauke ni lafiya lau. Ƙarfe uku na yi, sai in farka kamar an watsa min ruwan zafi daga ƙirji zuwa fuska, zuciya na bugawa, rigar barci ta jiƙe sharkaf, matashin kai ma haka. Minti uku ko huɗu zafin ya wuce, sai sanyi ya biyo baya har in ja bargo. Daga nan kuma shi ke nan, ido ya bushe. In juya dama, in juya hagu, ina jin ƙarar masu shara da baburan kai saƙo a titin Xiaobei har asuba.

Da farko na ɗora laifin a kan garin. Wanda ya taɓa zuwa Guangzhou ya san zafinta ba irin namu na Kano ba ne, zafi ne mai laima, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. A watan Maris ma akwai kwanakin da Sinawa ke kira huinantian, bango da tayil da madubi duk su yi ta gumi, shanya ta kwana uku ba ta bushe ba. Na ce ai garin da bango ke zufa, ni wace ce da ba zan yi ba? Sai ga Janairu ya zo da sanyinsa, Maigida na lulluɓe da bargo biyu, ni kuwa ina tsaye gaban taga ina fifita da kwalin takalmi. A nan na san ba garin ba ne.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne agogo. Tsakaninmu da gida awa 7 ne. Ƙarfe uku na darenmu, ƙarfe takwas ne na dare a Kano, an idar da isha'i, an ci tuwo, kowa ya ɗauki waya. Da na farka sai in ce bari in duba sau ɗaya kawai. Sai in tarar da saƙon murya goma sha biyar daga Kantin Kwari: Hajiya kaya sun taso? Hajiya a canza min kalar leshin nan. Ga hotunan biki, ga rasuwa, ga rigimar dangi. Kafin in ankara an kira asuba a wayata. Ƙarfe tara kuma dole in kama hanyar kasuwar yadi ta Zhongda ko Sanyuanli, in wuni a tsaye ina ciniki da kalkuleta.

Haka na yi wata da watanni ina barcin awa uku zuwa huɗu. Na zama mai faɗa. Abu kaɗan in yi wa Maigida tsawa, mutumin da shekara ashirin da biyu ban taɓa ɗaga masa murya ba. In shiga kicin in manta abin da ya kawo ni. In fashe da kuka a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da an yi min komai ba. Wanda ya fi tsorata ni ya faru lokacin baje kolin Canton Fair na Oktoban 2024, lokacin da baƙi suka yi mana yawa. Na rubuta alamar wata Hajiya a kan katan-katan ɗin wani Alhaji, na rubuta tasa a kan nata. Ba a gane ba sai da kwantena ta yi kusan wata biyu a ruwa ta sauka Legas, kayan Maraɗi suka tafi Kano, na Kano suka tafi Maraɗi. Kuɗin mota da na dako daga aljihuna suka fita, wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, Alhajin ya ce, "Hajiya, da ba haka kike ba." Sana'armu ta saro wa mutane kaya ba ta da jari sai amana. Ranar na zauna a bakin gado na ce ko dai hankalina ne yake tafiya.

Da na ɗan tsegunta wa mutum biyu a gida, ɗaya ta ce sammu ne, an ga ina samu. Ɗaya ta ce iska ce, wa ya san abin da ke cikin waɗannan dogayen benaye na ƙasar da ba a kiran salla a lasifika. An aiko min da rubutu da turare ta hannun masu zuwa sari. Na gode, na sha, na turara, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma ba wadda ta tambaye ni shekaruna, ba kuma wadda ta tambaye ni yaya al'adata take. Ni ma ban haɗa biyun ba, alhali a lokacin al'adar ta rikice: wani watan ta zo bayan kwana 21, wani lokacin ta yi wata biyu ba labari, in ta zo kuma ta zo da yawa har in rasa ranar da zan yi wanka in koma salla.

Wadda ta fara gane ni maƙwabciyata ce, wata dattijuwa 'yar asalin garin da muke kira Ayi, wato kamar a ce Goggo. Ta gan ni a lif ina share gumi a cikin sanyi, ta dube ni sama da ƙasa, ta yi dariya ta ce, "Gengnianqi." Ta buga a wayarta ta nuna min fassarar. Ashe sunan da suke kiran shekarun ɗaukewar al'ada ke nan. Su a wurinsu kalma ce ta yau da kullum, har tsokanar juna suke da ita. Na tsaya ina tunani, mu me muke cewa? Sai dai a ce wance ta daina, ko girma ya zo. Shekarun da ake shafewa kafin a daina ɗin, ba mu ba su suna ba, balle a zauna a yi maganarsu.

Satin da ya biyo baya na je asibiti ɓangaren mata, da 'yar tafintarmu. Likitar ta sa aka auna jinina, da suga, da hawan jini, da kuma ƙullin nan na wuya mai kawo maƙoƙo, domin ta ce shi ma in ya rikice yana kawo zufa da bugun zuciya da rashin barci. Duk lafiya, sai dai jinina ya yi ƙasa saboda yawan zubar da nake yi, ta rubuta min maganin ƙarin jini. Sannan ta ɗauki biro ta zana min layi mai hawa da sauka. Ta ce sinadarai biyu ne ƙwan mace ke fitarwa, istrojin da furojestaron. Kafin al'ada ta ɗauke ba sauka suke a hankali kamar mai saukowa daga bene ba, yau su yi sama gobe su faɗo. Wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa sai ya rikice, ɗan ɗumi kaɗan ya ɗauka gobara ce, ya buɗe jijiyoyin fata ya sako gumi. Furojestaron kuma yana taimaka wa barci, in ya ragu barci ya zama mara nauyi. Ta ce yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a gani ba. Kafin nan ana iya ɗaukar ciki, ta faɗa tana kallona ta saman tabarau. Na ce a'uzubillahi, ina shirin aurar da 'ya!

Wallahi da na fito daga asibitin nan ji na yi kamar an sauke min dutse, alhali ba a ba ni maganin barci ko ƙwaya ɗaya ba. Gaskiyar Bahaushe, rashin sani ya fi dare duhu. Daga baya na karanta labarin wani babban bincike da aka fara a Amurka a 1996, ana kiransa SWAN, inda aka bi mata sama da 3,000 shekara da shekaru. A sakamakon da suka fitar a 2015, matan da ke yawan samun wannan zafi sukan yi kamar shekara 7 suna fama, baƙaƙen fata kusan shekara 10, 'yan asalin Sin kuwa 5 da 'yan watanni. Na kai wa Ayi ƙara na ce ko a nan ma kun fi mu samun rangwame. To tunda baƙon ba mai tafiya gobe ba ne, sai na gyara masa wurin zama.

Ga abin da na yi, ko wata za ta amfana. Na farko, waya ta daina kwana a ɗakina. Ƙarfe goma nake sa ta caji a falo, na sayi ƙaramin agogo don asuba. Na gaya wa masu kaya duk saƙon da ya zo bayan ƙarfe uku na ranar Najeriya sai gobe. Biyu sun yi fushi, ɗaya ta tafi, sauran sun saba. Na biyu, shayi da goro. A nan kowane shago ka shiga sai an zuba maka koren shayi a ɗan ƙaramin kofi, ka sha biyar ba ka sani ba, ni kuma ga goron da kuke aiko min. Likita ta ce abin da ke hana barci a cikinsu yakan yi awa biyar rabinsa bai bar jiki ba. Yanzu daga azahar na rufe. Na uku, na koma rigar barci ta auduga, na ajiye wata a gefen gado da tawul da ruwan sanyi, ni da Maigida kowa da bargonsa.

Na huɗu shi ya fi wuya, shi kuma ya fi aiki. Likita ta ce in na farka na ga kamar minti ashirin barci bai dawo ba, kada in kwanta ina kokawa da shi, domin jiki zai koyi cewa gado wurin damuwa ne. In tashi, in zauna a wuri mai ƙarancin haske, sai na ji barci sannan in koma. Kuma ko yaya daren ya kasance, lokacin tashina ya zama ɗaya kullum. Sai na mayar da abin alwala da nafila raka'a biyu ko huɗu, in zauna da carbi a kan darduma. Da ina kallon ƙarfe uku a matsayin abokin gaba, ina lissafin awa nawa suka rage. Yanzu in na farka sai in ce to, an tashe ni. Sau da yawa kafin in gama jan carbin hamma ta zo. Da rana kuma na koyi ƙailula wurin Sinawa, waɗanda bayan cin abincin rana za ka ga mai shago ya kifa kai a kan tebur ko ya miƙe a kan dilar kaya. Minti ashirin nake yi, ba na wucewa, in na wuce daren ne zai biya.

Ayi ma ba ta bar ni haka ba. Ta ja ni kasuwar Qingping inda ake sayar da itatuwan magani, ta saya min wasu 'yan ƙwayoyi jajaye da suke kira suanzaoren, ana dafawa a sha don barci. Da na bincika, ashe ƙwallon wani ɗan itace ne ɗan uwan magaryarmu da kurna. Na nuna wa likita kafin in sha, ku ma kada ku sha komai ba ku tambaya ba, musamman mai shan maganin hawan jini ko suga. Da yamma kuma takan ja ni filin unguwa inda tsofaffin mata ke rawar motsa jiki da rediyonsu. Ni dai ban shiga rawa ba, kada Yaya ta suma, amma ina zagaya filin da hijabina minti talatin.

Akwai kuma maganin da ke mayar wa jiki sinadaran da suka ragu. Likita ta ce shi ya fi komai kashe wannan zafin, kuma tsoron da aka shiga bayan wani binciken Amurka na 2002 ya ragu, domin an gano ga yawancin mata masu lafiya 'yan ƙasa da shekara 60 amfaninsa ya fi haɗarinsa. Amma ba na kowa ba ne. Ta tambaye ni ko an taɓa yin kansar mama a gidanmu, ko na taɓa samun daskarewar jini. Mun yi da ita in abin ya sake tsananta zan koma mu duba. Ta kuma ja kunnena: jini mai yawa ƙwarai, ko jini bayan an yi shekara da ɗaukewa, ba abin zama a gida ba ne, asibiti ake zuwa.

Ba zan ce muku na warke ba. A sati ina samun dare huɗu ko biyar na barcin awa shida, sauran kuma ni da darduma. Amma ban ƙara rikita kayan kowa ba, kowane katan sai na karanta alamarsa sau biyu, yaron shagon ya karanta na uku. Maigida kuma da na zaunar da shi na yi masa bayani, shiru ya yi, can ya ce shi ya zaci gajiya na yi da shi. Washegari ya shigo da sabuwar fanka.

Kwanan nan ina yawan tuna Inna. Kun tuna lokacin da take fitowa tsakar gida cikin dare da hunturu, ta zauna a kan tabarma da mafici, mu ce Inna ba ta jin sanyi? Kun tuna shekarun da muka ce ta cika faɗa, har muka riƙa guduwa gidan Goggo? Na lissafa, shekarunta a lokacin kamar nawa ne yanzu. Ba ta da likita mai zana mata layi, ba ta da Ayi, kuma kunya ba za ta bar ta ta gaya mana ba. Allah Ya gafarta mata, Ya yafe mana.

Don haka ƙannena da kuka haura arba'in, da ku matan yayyena, in abin ya zo kada ku yi shiru irin nawa. Ku je a auna ku, ku gaya wa mazajenku, ku kira ni mu yi magana, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sai dai a kira kafin ƙarfe uku na ranarku, bayan nan wayar tana falo.

Yaya, kukar da daddawar sun iso, Allah Ya saka da alheri. Goron kuma a rage, rabin na da ya isa. A gaida yara, a gaida Baffa da jiki. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
'Yar uwarku ta Guangzhou