Igiya da Inuwarta

A wata makarantar horon malamai akwai wani malamin lissafi, mutum mai son aiki tsaf. Aka ɗora masa zanen sura guda wadda za a sa cikin littafin ɗalibai, maɗaba'a kuwa ta ba shi kwana bakwai. Ya san in surar ta fito da kuskure, ɗalibai za su haddace kuskuren, su kuma koya wa na bayansu.

Ga abin da aka ce ya zana. Masanan siffofi suna da wani layi mai lanƙwasa wanda yakan zagayo ya gitta kansa, kamar igiyar da aka yar ƙasa ta yi zarge. In tururuwa tana bin layin nan, ko'ina ta san gabanta, sai fa a magittar, inda hanya ta zama biyu. Irin wannan wuri shi ne ƙulli, masana kuwa sun daɗe suna neman yadda za a warware shi ba tare da an ɓata sauran siffar ba. Oscar Zariski na Amurka ya warware na shimfiɗaɗɗun siffofi cikin 1939. Almajirinsa, Heisuke Hironaka, mutumin Japan, ya nuna cikin 1964 cewa in da lambobin da muka saba ake aiki, ba ƙullin da ya gagari warwara, kome yawan fuskokin siffar. Saboda wannan aka ba shi lambar girma ta Fields cikin 1970.

Dabarar, in an rage ta, ba ta fi ƙarfin mai karatu ba. A magittar nan, reshe ɗaya yana haurawa taki guda a kowane taki na gaba, ɗayan yana gangarawa haka nan. To, sai a ɗaga mai haurawa sama kamu guda, a sauke mai gangarawa kamu guda, sauran jikin layin kuma kowane wuri a ba shi tsawo gwargwadon karkatarsa daga magittar. Igiya ta tashi ke nan cikin iska, ba inda ta taɓa kanta. In rana ta take tsaka, inuwarta a ƙasa ita ce layin nan na farko. Watau ƙullin na inuwa ne.

Malam ya zauna gaban kwamfuta. Sura iri biyu ce a cikinta. Akwai ta ɗigo-ɗigo, kamar hoto, wadda in an ƙara mata girma sai ta dushe. Akwai kuma wadda na'urar take riƙe umarnin zanenta kawai, tashi daga nan, lanƙwasa haka, tsaya can. Wannan ko an mai da ita girman bango, layinta yana nan siriri ƙal. Ita ya zaɓa, ya yi aiki da Inkscape. Lanƙwasar da ake ja a ciki sunan Pierre Bézier gare ta, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi ta zanen jikin mota da ita a shekarun 1960. Ɗigo huɗu ke sarrafa ta. Abin daɗi, layin Malam yana cikin irin waɗanda ɗigo huɗun nan suke fitarwa daidai, ba kuskure ko na gashi guda.

Ran kwana na biyar ya buga surar a takarda, ya ajiye bisa tebur, zuciyarsa fari. Sai tsohon masinjan ofis ya shigo da wasiƙu, ya tsaya yana dubawa. Malam ya ce, “Baba, ka ga igiyar da na warware?”

Tsoho ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ai har yanzu a harɗe take.”

Malam ya so ya yi musu, amma da ya sake dubawa sai ya yi shiru. Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da sama ba ta da ƙasa. Igiyar da ya ɗaga cikin iska, da ta sauka kan takarda sai ta koma inuwa, ta sake gitta kanta. Lissafinsa daidai ne, amma wanda ya san amsa tun da fari ne kaɗai zai gane surar, shi kuwa ba dominsa aka yi littafin ba.

Ya juya igiyar aka hango ta daga gefe. Gittawa ta ɓace, amma zargen ma ya ɓace, ba mai cewa ita ce mai inuwar. Ya mai da ita tsaka-tsaki. Sa'an nan ya yanke ɗan gurbi a reshen da ke ƙarƙashi, daidai inda na sama ya wuce. Ya kaurara igiyar, ya sirantar da inuwar. Daga magittar ya ja layin ɗigo-ɗigo miƙe zuwa sama, ya sa baƙin ɗigo biyu inda ya sadu da rassan. Launuka biyar da ya yi ado da su duk ya cire, gama baƙin tawada kaɗai maɗaba'a za ta sa.

Wanshekare ya kira tsohon. Ya sa yatsa ya bi igiyar tun daga farkonta, da ya zo gurbin sai ya ce, “Nan ta shiga ƙarƙashi.” Malam ya naɗe takardar ya ba shi, ya ce ya kai maɗaba'a kafin azahar.