Abin da ake taɓawa a jikin tsohuwar amfilifaya

A kasuwar tsofaffin amfilifayoyin jita, kalmar da ta fi tsada ita ce "ba a taɓa ta ba". Mai sayarwa zai buɗe bayan akwatin ya nuna maka ɗigon dalmar da aka yi tun a masana'anta, kuma wannan kaɗai kan ɗaga farashi. Ina da Fender Deluxe Reverb ƙirar 1965, na kuwa daɗe ina jayayya da wannan kalmar, domin na'urar da ta kai kimanin shekara 60 ba a taɓa ta ba tana iya kashe mai ita.

Deluxe Reverb ta fito a 1963. Ƙarfinta wat 22, lasifikarta ɗaya mai faɗin inci 12, kuma ƙwayayen gilashi biyu samfurin 6V6 ne ke tura sautinta. Waɗannan ƙwayaye, da ake kira tiyub, su ne aka yi aiki da su a rediyo kafin zuwan taransista. Idan aka matsa musu, sautin yakan dakushe a hankali, ya yi kauri, kuma wannan dakushewar ce makaɗa ke biyan kuɗinta. A Janairun 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dala miliyan 13. Bayan 'yan shekaru baƙar fuskar na'urar ta koma ruwan azurfa, aka kuma riƙa sauya wasu abubuwa a ciki. Shi ya sa masu baƙar fuska suka fi daraja, har masu gyara suka mai da shi sana'a su sake wa mai fuskar azurfa wayoyi ta koma tsarin yayarta.

Abu na farko da na sa aka cire shi ne igiyar wuta. Ta asali baki biyu gare ta, babu wayar ƙasa. A madadinta akwai ƙaramar kafasita da ke haɗa layin wuta da ƙarfen jikin na'urar don rage ƙugi, wadda masu gyara a Amurka suka laƙaba wa suna kafasitar ajali. In ta lalace, wutar bango za ta hau ƙarfen, ta bi igiyar jita har zuwa tsirkiyoyin da ke ƙarƙashin yatsunka. Leslie Harvey, makaɗin ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972 bayan ya taɓa makirufon da wuta ta hau. Duk wanda ya ce mini igiya mai baki uku tana rage darajar kaya, sai in bar shi da darajarsa.

Na biyu su ne manyan kafasitocin tace wuta, waɗanda ke ɓoye cikin wani murfin ƙarfe a ƙarƙashin na'urar. Akwai sinadari mai danshi a cikinsu, kuma yakan bushe da tsufa. Alamar farko ƙugi ne da raunin ƙananan muryoyi. Ta ƙarshe kuwa ƙonewar taransifoma, wadda ita ce ba ta da madadi na gaskiya. Suna ɗauke da wuta sama da bolt 400, suna kuma iya riƙe ta bayan an zare filogi, don haka wannan aikin ƙwararre ne. Tsofaffin na zuba su a leda na adana, saboda mai saye na gaba zai so ganinsu.

Daga nan hannuna ya tsaya. Shuɗɗan ƙananan kafasitocin da sauti ke bi ta cikinsu ba su cika lalacewa ba. A auna su, wadda ba ta yoyon wuta a bar ta. Na ga na'urorin da aka share cikinsu tas aka zuba sabon kaya, suna aiki lafiya, amma babu abin da ya rage na 1965 sai katako da tambari.

Mafi muni a wurina shi ne huda ƙarfe. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da waɗannan na'urori ba su wuce kwancen kaya ba, an huda da yawa don a ƙara maɓallin da zai ba da sauti mai tsatsa ba tare da an kurmantar da maƙwabta ba. Waya ana iya mayar da ita inda take, rami kuwa ya zauna ke nan. Sai dai ba na gaggawar zagin mutanen wancan zamani. Randall Smith ya fara ne da cusa wa ƙananan Fender Princeton ƙarfin da ya fi nasu a Kalifoniya, daga nan Mesa/Boogie ta samo asali. Marshall JTM45 ta 1962 ma kwaikwayon tsarin Fender Bassman ce da kayan da ake samu a Ingila.

Akwai kuma matsalar da ta shafi mazauninmu. An ƙera tawa don wutar Amurka, wajen bolt 117, tamu kuwa 230 ce, tana hawa tana sauka, ga janareta. Wasu kan canza taransifomar ciki baki ɗaya. Ni na zaɓi taransifomar waje mai rage wuta, da mita a gefenta, ba na kunna na'urar sai na ga abin da mitar ta nuna. Da damina kuma allon da aka jera kayan a kansa, wanda wata irin matsattsiyar takarda ce, yakan sha raɓa har ya fara ɗan ratsa wuta, sai ka ji tas-tas a lasifika. Nakan kunna ta na awa ɗaya duk mako, ko da ban ɗauki jita ba, zafin ƙwayayen ya busar da ita.