Ƙunshin da ke kwance kansa

Shekaru da dama, duk wanda ya so gabatar da sabuwar manhaja ga ma'ajiyar FreeBSD yakan tattara fayilolinsa, irin su Makefile da distinfo da pkg-descr, ya haɗe su wuri guda da umarnin shar, sannan ya aika wa masu dubawa. Mai neman sunan abin a Hausa zai tsaya tsakanin dami da ƙunshi. Dami na hatsi ne, zangarniyarsa a waje take. Ƙunshi kuwa sai an kwance ake amfana da abin da ke ciki, kamar goro a ganye, don haka shi ya fi dacewa.

Sai dai wannan ƙunshi shi ke kwance kansa. Rubutu ne zalla, jerin umarni ga kwamfuta. Kowane layi na fayilolin an sa masa harafin X a gaba. Da an miƙa ƙunshin ga sh, sai ya cire harafin, ya mayar da kowane fayil mazauninsa. A nan haɗarin yake: mugu na iya cusa umarnin ɓarna tsakanin layukan, kwamfuta kuwa ba ta tambaya, aikatawa take yi. Shi ya sa mai dubawa na ƙwarai yake karanta shi daga farko har ƙarshe tukuna.

A 2021 ma'ajiyar ta koma Git, faci ya karɓe gurbin ƙunshi. Amma karatu kafin aiwatarwa yana nan daram, domin kwamfutocin jama'a amana ne a hannun mai dubawa.