Diddige: Gaɓar da Muke Bari a Baya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwana matasa, kowace ƙafa ta ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26, kuma mafi kaurinsu shi ne ƙashin diddige. Shi yake fara taɓa ƙasa a kowane taku, shi yake karɓar nauyin jiki. Amma da yake a baya yake, ido ba ya cika kai masa ziyara.

A shekarar 1895 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka, amma ƙashi ya tare shi saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa. Shi ya sa ƙashi yake fitowa fari a hoton asibiti. Idan aka ɗauki diddige ta gefe, likita yakan auna wata kusurwa a jikinsa. A lafiyayyen ƙashi tana tsakanin digiri 20 da 40, idan kuwa ta ragu, alama ce ƙashin ya lotse. Wannan karaya ta fi samun wanda ya faɗo daga sama ya dira a kan ƙafafunsa, kamar magini ko mai hawan bishiya. Hannun mai ɗori, komai ƙwarewarsa, ba ya auna wannan kusurwa. Wanda ya ƙi zuwa hoto, ƙashin na iya haɗewa a karkace, har tsayuwar sallah ta zame masa wahala. Neman magani ta hanyar da ta dace ba ya warware tawakkali.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, idan na tsaya ina duba alwalar ɗalibaina, diddige ne wurin da suka fi bari a bushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a wata tafiya Annabi (SAW) ya ga wasu sahabbai sun yi gaggawar alwala, ruwa bai game dugadugansu ba, sai ya ɗaga murya ya tsoratar da su azabar wuta. Ashe sakaci a wurin da ido ba ya gani yake ɓuya.

Hasken Rontgen iyakarsa ƙashi, bai san niyya ba. To, ina ga ranar da za a bayyana abin da ke cikin ƙiraza? Mu duba dugaduganmu tun kafin a duba mana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tabbatar da dugaduganmu a kan Siraɗi. Amin.